Wardin Sala a Cikin Kwalba

Shekara goma sha tara Awudu ya yi yana wanke kwalabe a wani ɗakin binciken tsirrai a bayan gari, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa abin da ya sani. Alhali ya san abubuwa. Da soso a hannu yake kallon masana suna yanko idon reshe ɗan mitsitsi, su dasa shi cikin kwalba a kan wani abinci mai daskarewa kamar agidi. Su ɗiga sinadari guda toho ya fito, su sauya wani saiwa ta sauka. Doka ɗaya ce ba a wasa da ita: kada iskar bakin mutum ta shiga kwalbar, in ta shiga fumfuna za ta cinye komai. A unguwarsu ta Nima, Dokta ake ce masa, don tsokana.

Shi da matarsa Sala Allah bai ba su haihuwa ba. Abin da ta raina a duniya wardi ne ja, cikin rabin duro a ƙofar ɗakinsu. Ta rasu a shekarar fari da yunwa, tamanin da uku, wardin kuma ya kama hanyar binta. Duk reshen da Awudu ya dasa sai ya bushe. Da ya rage reshe ɗaya mai ɗanyen jiki, ya roƙi arziki wurin aiki, aka bar shi ya dasa idanu bakwai a kwalabe bakwai. Shida suka mutu. Aka zo rage ma'aikata, aka sallame shi, ya dawo gida rungume da ta bakwai. Na cikin duron kuwa tuni ya zama itacen wuta.

A bakin taga ya ajiye ta. Ganye uku, da farar saiwa kamar zare. Mako biyu kawai take bukata a rufe kafin a mai da tsiron ƙasa.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga Baba Braimah daga unguwar Maamobi, yana dogara sanda. Shi ne kawun Sala da ya raine ta, shi ya ba Awudu aurenta. Tsohon ya daɗe yana duban kwalbar, hawaye na bin gemunsa.

"Abin ɗiyana ke nan?" in ji shi. "Buɗe shi, Awudu, in yi mishi tofi. Albarka ba shi shiga ta murfi."

Awudu ya san abin da zai biyo baya, ya san shi sarai. To amma da wane baki mutum zai ce wa surukinsa numfashin addu'arsa ƙazanta ne? Ya sunkuyar da kai.

"Yoo, Baba. Na ji."

Da hannunsa ya kwance murfin. Tsohon ya karanta, ya tofa sau uku, ya shafa fuska, ya tafi zuciyarsa fara ƙal.

Ran kwana huɗu wani farin gashi ya bayyana a gindin tsiron. Ran kwana shida ganyen suka kwanta cikin kore da baƙi. Awudu bai yi kuka ba, baƙin cikin ya fi ƙarfin kuka.

Daga nan duk Juma'a sai Baba Braimah ya tare shi a ƙofar masallaci: "Yaushe zai yi fure? Ina so in gani kafin in tafi."

"Saura kaɗan, Baba."

Shekara shida yana ba shi wannan amsa, kuma ya tsani kowace Juma'a saboda ita. Da tsohon ya rasu, Awudu ya zaci zai huta. Juma'ar da ta biyo ya tsaya a ƙofar masallaci har jama'a suka watse, ba wanda ya tambaye shi wardin Sala.