Curi Uku a Gindin Randa

Surukata ba ta yarda da kwaɗo ba. A cewarta, wanda ya sa wa akwati kwaɗo ya nuna wa ɓarawo inda zai dosa ne. Shi ya sa akwatinta na ƙarfe kullum a buɗe yake, ba kome ciki sai tsofaffin zannuwa da ƙullin kanwa. Duk da haka kowa a ƙauyenmu, can gefen Tajaye, ya san Inna tana da mundaye huɗu na azurfa da ta gada wurin uwarta. Sau ɗaya na taɓa ganinsu, ranar da aka kawo ni gidan, sun cika mata hannu. Washegari suka ɓace, ba wanda ya san ma'ajiyarsu, har ɗanta da nake aure.

Wata biyar da tarewata Inna ta tafi bikin suna Illela, za ta kwana biyu. Ni kuwa lokacin ina ji da kaina, so nake a ce an auro mace mai tsabta. Na shiga ɗakinta da tsintsiya kamar an aike ni. Na kakkaɓe yanar gizo, na shanya tabarmi, na zo kan randa. Randar tana zaune ne kan wasu curi uku na busasshiyar laka, munana, duk kanwar ruwa ta ci su, ɗaya har ya tsage. Na ce ai wannan abin kunya ne a ɗakin babbar mace. Na samo duwatsu uku masu sulɓi na ɗora randar a kai. A bayan gida maigidana da ƙannensa suna kwaɓa lakar sabon rumbu, suna tattaka ta da ƙafa. Na kai curin nan na watsa musu cikin kwaɓin, har ina cewa ga gudummawata.

Da Inna ta dawo, rumbu ya kai ƙugu. Ta shiga ɗaki, na bi ta da ruwa a kwarya ina jiran yabo. Ta tsaya ta dubi gindin randa, ba ta ko sauke ƙullin da ke kanta ba.

"Ke ɗiyag ga, ina curin da ke nan?"

Na gaya mata, har da murmushi. Sai kawai ta zauna a ƙasa daɓas. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Da ƙyar ta iya bayani: mundayen suna cikin curi na tsakiya. Naɗe su take yi a tsumma, ta lulluɓe da laka, ta shanya, ta tura gindin randa. In biki ya zo ta fasa, in ya wuce ta sake curawa. Shekara talatin tana haka. Sau biyu ɓarayi na shiga ɗakin, sun kwashe kwanoni, ba wanda ya ko kalli gindin randa. Kwaryar ta suɓuce daga hannuna. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Aka tona ragowar kwaɓi da hannu, ba a ga kome ba. Maigidana ya ce to lalle ƙullin ya tafi cikin gindin rumbu, inda aka zuba laka da kauri tun ranar farko. Ƙannensa suka ce a rushe. Inna ta ce a bari. Gero na gona yana jiran wurin zuba shi, kuma in mundaye suna cikin gindin rumbu, ai sun sami ma'ajiyar da ta fi tata. Ranar da aka matsu a fasa.

Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni ɗin da ya fi mini sauƙi. Amma daga ranar ba ta ƙara barina na share mata ɗaki ba. Matan unguwa suka sa mini suna Mai Shara. In na doso rijiya sai wata ta ce a riƙe guga da kyau, ga mai zubar da azurfa nan. Ina dariya tare da su, in koma gida in ci kukana. Maigidana yakan rarrashe ni, ya ce ƙaddara ce, in daina sa abin a rai. A ranin nan ya tafi ci-rani ƙetaren iyaka, ya dawo da keke sabo fil. Ni nake goge shi da tsumma kowace safiya, ina taƙama mijina ne mai keke na biyu a ƙauyen.

Inna kuwa ta mayar da inuwar rumbun wurin zamanta. Nan take kaɗi, nan take sallar la'asar. Ko akuya ta zo sosa jiki sai ta kore ta.

Bayan shekara huɗu ruwa ya ƙi. Muka yi shuka sau uku tana ƙonewa. Aka sayar da awaki, aka sayar da keken, muka cinye. Ina goye da yaro, nonona ya ƙafe. Wata safiya Inna ta leƙa rumbu ta ga babu ko tsaba, ta kira ɗanta ta ce lokaci ya yi, ya ɗauko diga. Za a kai mundayen Konni a sayo hatsi.

Shi da kansa ya fasa rumbun. Na tsaya ina kallo, zuciyata fari ƙal, don ina ganin yau za a sauke mini kayan da na daɗe ina ɗauke da shi. Bango ya zube, aka zo gindi. Ni da Inna muka durƙusa muna farfasa kowane ɓangare da dutse, muna murjewa. Hantsi ya yi, rana ta take. Muka bi tarin ƙasar nan kaf, muka sake bi. Yatsun Inna suka fashe suna jini, ba ta ko duba ba, sai ta ce in kawo rariya.

Sai a lokacin ya jingine digar.

"Inna, ki bari. Babu kome ciki."

Ta ɗago ta dube shi.

"Ran da muke kwaɓi ƙahwata ta taka ƙullin. Ni na ɗauka. Su na saida nas sayi keke."

Na dubi mutumin nan da na haifa wa ɗa, mutumin da ya shekara huɗu yana share mini hawaye yana ce mini ƙaddara ce. Ya ji ana kirana Mai Shara, ya ga uwarsa tana gadin laka, yau kuma ya ɗaga diga ya rushe rumbu lafiyayye yana sane, don kawai bakinsa ya yi masa nauyi.

Inna ta goge yatsunta a zani, ta dafa gwiwa ta miƙe, ta juyo wurina.

"Ɗiyata, ki yahe mani. Tashi ki share mani ɗaki, ƙura ta yi yawa."

Na ɗauki tsintsiya na shiga ɗakin da rabona da shi shekara huɗu. Duwatsuna uku suna nan a gindin randa, ba ta taɓa cire su ba. Ina shara ina kuka, a waje kuma yarona yana tsala nasa kukan na yunwa, ga shi ba mundaye, ba rumbu.