Yadda alkama ta raba ni da tiren ɗakinmu

Salamu alaikum jama'a. Ilu ne na Tasawa, wanda kuka saba gani yana sa hoton jikoki kawai. Yau zan faɗi maganar da na riƙe tun kafin a haifi yawancinku. Ban yi boko ba. Ni ke faɗa, 'yata Rabi ke bugawa, na kuma hana ta gyara mini ko kalma ɗaya.

Shekarar da masu jirgin ƙasa suka yi babban yajin aiki cikin sanyi, metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya tsaya, Paris duka ta koma tafiya a ƙasa, a lokacin ciwon ya kama ni sosai. Ina kwana a gidan ma'aikata na Montreuil, ina aiki a Aubervilliers wajen wani ɗan Sin mai yin biskit ɗin nan da ake naɗewa da 'yar takarda a ciki, wai tana faɗa wa mutum sa'arsa. Aikina naɗi. Wanda ya karye kuwa, cikina ne kwandon shararsa.

Zawo, kumburin ciki, jiri. Wando ya daina zama sai da igiya.

Na sha sassaƙe, na sha rubutu, asibiti na ce ba ni zuwa.

A ɗakinmu tire ɗaya muke ci, kowa da guntun burodinsa yana dangwalar miya. Sai na lura gefen da na sa hannu ba mai taɓawa. Ba wanda ya furta, amma na san sunan da ke bakinsu: sida, wato ƙanjamau. A waɗancan shekarun in namiji ya rame haka, an gama yanke masa hukunci.

Da jirage suka dawo aiki, ɗan yayata Isufu, mai tura gadon marasa lafiya a wani asibiti a Lyon, ya zo. Ya dube ni ya ce, "Kawu, ko ka tashi da ƙafarka ko in goya ka har tasha."

A asibitin Lyon an ɗibi jini. An zura mini wata igiya mai fitila ta baki har hanji, aka tsinko ɗan nama. Gwajin da nake tsoro shi ma an yi, ban runtsa ba sai da ya fito. Babu.

Likitar ta ce a gaya mini hanjina ne ba ya shiri da alkama da sha'ir da danginsu, kuma ba ƙwaya, ba allura, bari ne har abada. Ta tambayi abin da na ci na girma. Na ce gero da dawa. Ta ce, "To, koma wa abincin uwarka."

A gidan Isufu na yi ƙiba. Na dawo Montreuil, na bar aikin biskit, na daina burodi. Zawo ya dawo.

Isufu ya tambaya a waya, "Kawu, su ma sun daina dangwala burodi a miyar?"

Ashe ɓurɓushin ma ya isa. Dole in ware kwanona.

Wannan ya fi mini igiyar asibiti ciwo. Ranar da na zauna gefe da kwano, Alhaji Mamman, babban ɗakinmu, ya ce, "Ilu, in ka san abin da ke jikinka, ka kyauta da ka raba kwano da mu." Na ce alkama ce. Wani ya ce, "Alkama? Tun da aka yi duniya wa burodi ya kashe?" Aka yi dariya. Kofin shayina ma aka ware.

Na yi tunanin komawa tiren in mutu da mutuncina. Taurin kai ya hana.

Abin da hannuna ya iya shi na koma wa. Burodi marar alkama na kanti tsada ne da shi, ga shi kamar soso. Na nemi garin shinkafa, na haɗa da farin ƙwai, sukari, mai, ɗan garin masara mai laushi da ruwa kaɗan. Na shafa falle-falle a faranti mai tsabta, na sa a tanda har bakin ya yi ja. Na farko duk sun farfashe. Garin shinkafa ba ya jira: kaɗan-kaɗan za ka gasa, ka naɗe da zafinsa, ka lanƙwasa a bakin kofi. Takardar duba ban sa ba, Allah kaɗai ya san gobe. Tsagin dabino na sa.

Wata Juma'a na ajiye kwano cike a tsakiyar ɗaki, na ɗauka na ci. Alhaji Mamman ya daɗe yana kallon kumatuna da suka ciko, ya ce, "Mai mutuwa dai ba ya ƙiba haka." Ya miƙa hannu cikin kwanona. Ya tauna ya ce, "Sukarin ya yi kaɗan, marowaci."

Daga ranar, shi ya sa doka: a zuba wa Ilu miya kafin burodi ya sauka, kuma kwanonsa a jikin tire zai zauna, ba a gefe ba. Alhaji ya rasu, Allah ya jiƙansa. Shi da Isufu da likitar da ban riƙe sunanta ba, na gode.

Shawarata: in zawo ya daɗe kana ramewa, je a gwada, kuma kada ka bar alkama kafin gwajin, sai ya ɓata sakamakon. A duba ɗunƙulen miya da garin da aka niƙa a injin da ya niƙa alkama. In ɗan'uwanku ya ware kwano, ku tambaye shi, kada ku sa masa suna.

Abin da ya buɗe bakina, jiya aka ce mini wani magidanci ɗan Maradi a Saint-Denis ya rame, har an fara ja da baya da shi. Ban san ciwonsa ba. Gobe da safe zan hau metro in kai abincina mu ci kwano ɗaya da shi, sannan in tasa shi gaba zuwa asibiti.