Baba Ya Riga Ya Ba da Amsa

Ga mu tsaye a Ƙofar Durbi, ni da Baba, mun sha manyan riguna, a ƙofar gidan da ya rantse nan za a ɗaura auren ɗiyar abokinshi. Ba tabarma, ba jama'a, sai wata akuya tana kallonmu.

Tun a gida na so in buga waya in tabbatar. Baba ya ce, "Gidan da na sani tun ba a haife ka ba, shi za ka tambayi wani?"

Mai shagon kusa ya gaishe mu, sannan ya ce, "Ai Alhaji ya daɗe da komawa Ƙofar Marusa."

Nan take karatun jarrabawar manhajar kwamfuta ta Linux da nake fama da shi ya faɗo mani. Akwai wani fayil, nsswitch.conf, shi ke tsara wa kwamfuta wanda za ta fara tambaya in tana neman sunan wata na'ura ko na mutum. Yawanci na cikin gida take fara tambaya, wato jerin sunayen da ke ajiye cikinta, sannan na waje. In na gida ya amsa, ko amsar ta tsufa, bincike ya ƙare.

Na ce, "Baba, da mun tambaya ai..."

Ya ce, "Wa ya ce mashi ya tashi?"

Mun isa ana watsewa, ko goro ba mu samu ba.

A kwamfuta, layi ɗaya zan gyara a fara tambayar waje. A gidanmu kuwa, wa ya isa? Wanda ya taɓa gyara na gidansu, don Allah ya koya mani.