Yarinyar da ta fito daga kogi a majigi

Shekara biyu na yi ina bin motar majigi ta hukuma, gab da tafiyar Turawa. Aikina riƙe lasifika. Fina-finan da Turanci suke zuwa, sai a rage muryarsu, ni kuma in yi ta bayani da Hausa. Wanda ya koya mini aikin ya ce kada in bar mutane a ƙasar da ba su sani ba. In an nuna kasuwa, in ce ta Jahun ce. In an nuna kogi, in ce namu ne. Haka kowa yake yi, haka na yi.

Yawanci fim ɗin rigakafi muke nunawa, ko na noman gyaɗa. A ƙarshen wata damina aka haɗo mana da wani na zane, wanda aka ɗauko labarinsa daga wani littafin Turawa. Wata yarinya ce ruwa ya tafi da ita, ta tarar da gari a ƙarƙashin kogi, har da kifaye masu magana. Kullum uwarta tana ɗora fitila a kan akushi ta sake shi a ruwa, har ran nan yarinyar ta biyo hasken ta fito. An ba ni littafin don in san abin faɗa, na kuwa karanta shi.

Da an kashe inji sai a kewaye ni da tambayoyi, kusan iri ɗaya ko'ina. Mutanen nan masu manyan idanu, wace ƙabila ce? Kifin da ya yi magana, ya halatta a ci? Me ya sa rigarta ba ta jiƙe ba? Nakan amsa da wasa, a yi dariya a watse.

A wani ƙauyen masunta kusa da Hadejia, wani dattijo ya jira har kowa ya tafi.

"Malam, ka ce kogin nan namu ne?"

"Namu ne, Baba."

"To ta wace mashaya ta fito?"

Na ce ta bayan garinku mana. Ya yi godiya ya tafi.

Bayan mako guda, da hantsi, ya same ni a masaukinmu a Kaugama. A ƙafa ya zo. Muka gaisa, ya sha ruwa, sannan ya ce maganar 'yarsa ce ta kawo shi. Tana kai masa abinci gonar shinkafa, cikowar kogi ta kifar da ƙaton goran da take haye ruwa da shi. Sama da wata guda ke nan, ba a ga gawa ba. Uwarta ta hana a shimfiɗa tabarmar gaisuwa. Tun ranar majigi kuwa, kowace magariba tana mashayar da na faɗa, tana sakin aci-balbal a kan akushi.

"Ita ta aiko ni. Ta ce fitilar waccan matar, ta man gyaɗa ce ko ta kananzir? Kwana nawa ta yi tana sakewa? Ko akwai abin da take karantawa wanda ba ka fassara mana ba?"

Na tashi na buɗe gwangwanin fim ɗin, na warware zaren, na ɗaga masa shi a rana. Ya matso da ido. Ga yarinyar ƙanƙanuwa, ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba, an jera ta ɗaya bayan ɗaya. Na ce masa da hannu aka zana ta, kogin ma zane ne.

"Wanda ya zana, ya gan ta da idonsa?"

"A littafi ya samo labarin, Baba."

"To a littafin, kwana nawa ta yi?"

Na so in yi ƙarya. Amma ƙaryar da na yi ta farko ce ta sa shi wannan doguwar tafiya. Na gaya masa a littafin yarinyar ba ta dawo ba. Masu fim ne suka canza ƙarshen, don kada 'yan kallo su koma gida da baƙin ciki.

Sai ya ce, "Ba za ta ji daga bakina ba. Muryarka ta ji ta yarda."

Motar ta wuce garin Kafin Hausa ba da ni ba, na bi dattijon zuwa ƙauyensu. Washegari da la'asar na tsaya a bayan dangar gidansu, ita tana ciki, ban ga fuskarta ba. Na maimaita mata duk abin da na gaya wa mijinta, a hankali, babu lasifika. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Ɗan nan, me ya sa ka ce namu ne?"

Na ce haka aka koya mini aikin. Ni kaina na ji yadda amsar ta fito.

Can sai ta miƙo tabarmi uku ta saman danga. Mijin ya karɓa, na kama masa muka shimfiɗa a ƙofar gida. Maƙwabta suka fara zuwa ɗaya-ɗaya. Ni ne na fara yi masa gaisuwa.