Kuskure Biyu a Layi Ɗaya

Shekara ashirin da biyu ke nan mutumin da ɗalibansa ke kira Malam Zobe yana koyar da lissafi a wani aji mai allo biyu da tagar da ba ta rufuwa. Ya gamsu da aikinsa da iyalinsa da tsohon kekensa. Abu guda ya rage masa a rai: mahaifinsa, maƙerin azurfa, bai taɓa kiran abin da yake yi sana'a ba.

Tushen lamarin kalma ce. Ranar da ya gaya wa tsohon cewa a kan zobe yake bincike, tsohon ya yi murna, ya ɗauka gado bai faɗi ba. Da ya gane zoben masana lissafi ba ya shiga yatsa, sai ya daina tambaya. Zobe a wurinsu tarin lambobi ne da ake tarawa ana ninkawa ba tare da an fita daga cikinsu ba. A wanda Malam ya fi so, ana ƙirga sifiri, ɗaya, biyu, uku, sannan a koma sifiri. Da shi yake tsara saƙon da zai bi waya, yana ƙara masa lambobin tsaro, domin in wata ta lalace a hanya mai karɓa ya gyara ta da kansa.

Wata safiya ya tafi maƙera da takarda, ya tarar da tsohon riƙe da awartaki.

"Baba, ga layi mai lamba takwas. Zan juya baya, ka canza ɗaya."

"Wasan yara, da furfura a gemu?" in ji tsohon. Amma ya karɓi fensirin.

Malam ya yi ɗan lissafi a gefen takardar. "Ta biyar. Uku ce, ka mayar da ita sifiri."

Sau uku ana yi, sau uku yana kamawa. A karo na huɗu tsohon ya canza lamba biyu, ya miƙa masa takardar.

Malam ya daɗe a kan takardar. Yana iya nuna wuri biyu da ka, wataƙila ya dace, ga kuma yabon da ya yi shekaru yana jira. A irin wannan gaɓa ake bambance masani da ɗan caca.

"Baba, an taɓa layin nan fiye da sau ɗaya. Na san ya ɓaci, ban san inda ya ɓaci ba. In na nuna, ƙarya zan yi."

"To ina amfaninka?"

"Iyakarsa ke nan. Ɗaya nake gyarawa. In biyu ne, sai in ce a sake aikowa."

Tsohon ya ajiye awartakin, ya dube shi. "Azurfar da gami ya yi mata yawa, ni ma mayar wa mai ita nake yi. Maƙerin banza ne ke goge ta ya ce ta yi."

Ana haka wata mata ta shigo karɓar awarwaronta, ta ga mutum da takarda a gefen uwar maƙera.

"Baba, baƙo ka yi?"

"Ɗana ne," in ji tsohon, yana naɗe mata kayanta. "Mai sana'a ne. Zafin wuta ne kawai bai sani ba."