Liyarin Inna da Gorar da ta Fashe

Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, unguwarmu ta Ƙofar Rini ta cika da sabbin babura da kwanukan samira. Maigidana ma ya sayo rediyo mai kaset. Uwarsa kuwa, Inna, wadda muke zaune tare, ba ta nemi komai ba. Adonta ɗaya ne tun da na san ta: liyari guda a baƙin zare, kuɗin azurfar nan na dā mai hoton wata ƙosasshiyar Baturiya. Marigayi Malam, mijinta, shi ya ba ta lokacin aurensu.

Inna tana da taubashiya, Hajiya, wadda ba sa haɗuwa su rabu ba su yi wa juna tsiya ba. Ta dawo daga Makka da haƙorin zinari, ta zo yi mana bangajiyar tarba, wuyanta ɗauke da liyari uku. Ina zuba mata fura ta dubi wuyan Inna.

"Har yau kina nan da murhin gwangwaninki? Kowa ya san Malam a hannun Kanawa yas saye shi."

"Gwangwanin nan ya girmi haƙorinki," in ji Inna. "Ki rage dariya kar shi hwaɗi cikin hura."

Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma ni ce mai sakandare a gidan, kuma ina jin abin ya taɓa ni. Na ce su ba ni in karanta. Na Hajiya duka uku an rubuta 1780. Na Inna kuwa, da na goge shi da bakin zane, sai na ga 1730. Na yi lissafi a fili kamar ina gaban allo, na sanar da cewa liyarin Inna ya girmi na Hajiya da shekara hamsin cif.

Hajiya ta taɓe baki. "'Yab boko, kai shi ga maƙeri. In yac ce azurhwa ce, ni ka yi muku tuwon Juma'a."

Na ce na yarda. Inna dai ta ci gaba da gyaran zogalenta. Na ɗauka kawaici ne.

Da safe na nemi izinin maigida, na wanke liyarin da toka da lemun tsami har yana ɗaukar ido, na ƙulle a bakin mayafi na nufi Tudun Wada. Akwai wani tsohon maƙerin farfaru a can, shi ke yi wa matan unguwa awarwaro da zobba. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa, na kuma ƙara masa da bayanin shekarun tun bai tambaya ba.

Ya cire zaren, ya ɗora liyarin a kan ɗan yatsa, ya ƙwanƙwasa shi da ƙusa. Ƙwas. Ya jawo wani gwangwanin taba, ya ɗauko nasa liyarin daga ciki ya yi masa haka, sai ga wata ƙara siririya ta tashi tana ta tafiya, kamar ba za ta ƙare ba. Ya auna su a tafin hannu, dama da hagu. Ya shafa gefen na Inna da farce, inda ya kamata a ji rubutu, ya tarar da shi sumul.

"Baba, amma shekarar..."

"Ɗiyata, ni ban yi boko ba." Ya zazzage gwangwanin a kan buzu, liyari sun kai goma. "Abin da ubana yak koya min shi na sani. Gehen tsuntsun nan na bayan liyari, abu huɗu za ki gani: sanda, lauje, gora, ƙwai. Duba."

Na duba ɗaya bayan ɗaya. Sanda ita ce ɗaya, lauje bakwai, gora takwas, ƙwai sifiri. Duka shekara guda, tsoho da sabo.

"Ko jiya anka buga shi, haka za a sa mai. To naki, gorar ta hwashe, rabi ne. Zubin gida ne. Wani ya danna na ƙwarai cikin laka, yaz zuba dalma da 'yar azurhwa kaɗan, ƙarhen bai cika gorar ba." Ya juya shi yana murmushi. "Amma mai hannu ne. Ban taɓa ganin mai irin wagga shekara ba."

Ukun da na yi ta taƙama da ita ashe takwas ce da ta fito rabi.

Ban hau mota ba, da ƙafa na dawo don in sami lokacin tunani. Ƙarya ba zan iya ba. In kuwa na faɗi gaskiya, na ce wa tsohuwa mijin da take yi wa addu'a bayan kowace salla dalma ya rataya mata. Na yi ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina, har na wuce ƙofar gidanmu sai da na dawo da baya.

Na tarar da Inna tana tankaɗe. Na zauna, na fara da cewa maƙerin yana gaishe ta, sa'an nan na shiga labarin tsadar awarwaro.

"Dalma ne yac ce ko?" in ji ta, ba ta ko ɗago ba.

Na ce, "Inna..."

"Tun satin hwarko na sani. Ya hwaɗi min bisa dutsen niƙa, ban ji ya yi kuka ba. Malam akuyarshi ɗaya yas sayar, anka cuce shi. Ya kawo min shi yana murna. In ce mai mi?" Ta buga rariya. "Har Allah yak karɓi abinshi bai sani ba. Ke kuma da bokonki kin so ki kai shi kasuwa."

Hawaye suka zubo min. Ta ce in bar mata wannan, in je in duba wake a wuta. Ina tashi ta ƙara da cewa, "Waccan mai haƙorin dai kar ta ji. In taj ji, har kabari za ta bi shi da dariya."

Ranar Alhamis sai ga Hajiya, tun daga zaure take tambaya.

"To, 'yab boko, mi maƙeri yac ce?"

Na gyara murya. "Hajiya, ya juya shi ya juya, ya ce tun da yake bai taɓa ganin mai irin wannan shekara ba."

Ta dube ni, ta dubi Inna da ke ta faman ɗaure zaren a wuya kamar ba da ita ake ba. Ta ce ai ita ma ta san Malam ba ya sayen banza, wasa take. Washegari ta aiko da tuwon shinkafa da miyar taushe, kwano biyu.

Ni ban ci ba. Na ce ina azumin nafila, kuma don kada wannan maganar ma ta zama irin wadda na yi wa Hajiya, tun asuba na ɗaura niyya. Inna ta cinye nata, ta ce in ajiye mata nawa zuwa la'asar.