Takalman Shugaban Kwaleji

Har yau ban manta da ranar da yaranmu suka fara buga ƙwallo da takalmi ba. Lokacin ina koyar da lissafi a wata kwalejin horar da malamai da ke wajen Kawo, aka ɗora mini horar da 'yan ƙwallo, don ni kaɗai ne malamin da ya taɓa riƙe usur. Na so aikin nan fiye da aji.

Yarana ba takalmi suke wasa, kuma da haka muka kai wasan ƙarshe na kofin kwalejoji. Ana gobe wasa sai Shugaba, Alhaji Bala, ya shigo da kwalin sababbin takalma daga wani kanti a Doka. Ya ce babban baƙo zai zo daga ma'aikatar ilimi, ba zai yarda a ce ɗalibansa 'yan ƙauye ne ba.

Da aka fara wasa, sai ka ce agwagi aka sako fili. Kafin a tafi hutun rabin lokaci an zura mana biyu. Kyaftin ɗinmu, Sani Dogo, ya zare takalminsa ya nuna mini dunduniya duk ta saɓule. "Malam, wallahi ko ƙwallon ba na ji a ƙafata."

Na je na durƙusa gefen kujerar Shugaba. "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri yaran su cire takalman nan."

Bai ko dube ni ba. "Malam Idi, in suka cire kuma aka cinye mu, gobe ka miƙa usur ka koma allonka."

Duk da haka na koma na ce wa yaran su cire. A lokacin doka ba ta hana ba. Suka koma fili kamar an kwance su, muka rama biyun, Sani ya ƙara ta uku.

Wajen miƙa kofi baƙon ya tambayi wanda ya kawo dabarar cire takalma. Alhaji Bala ya gyara babbar riga ya ce, "Ai tsarinmu ne tun farko." Na tafa masa da zuciya ɗaya, tunda usur na nan a wuyana.

Daga baya da na zama jami'in wasanni na shiyya, na hana raba sabon kaya ranar wasa. Ku da kuke tasowa, ku bar wa manya yabo, ba ya rage muku komai. Amma in ɗan wasa ya ce ƙafarsa na ciwo, ku duƙa ku duba.